Tawular da na saya ta kulle ni a waje

Shekarun baya, da zaman ƙauye ya gagara, na ɗauko mahaifina daga Runka na dawo da shi Batsari, inda nake koyarwa. Mutumin da a da in ya fara gardama sai kiran salla ke raba shi da jama'a, sai ga shi yana wuni a zaure bai ce uffan ba. Abinci ma sai da lallashi. Wallahi na tsorata, gani nake shirun nan ne zai kwantar da shi.

Akwai wani wasa da ya koya yana saurayi a wurin wani Bamisire da ya koyar da su a kwaleji, sunansa tawula. Allo ne, kowa da 'ya'yansa goma sha biyar, ana jefa ƙwaya biyu irin ta lido. Duk garin ban san wanda ya iya ba. Ni ma ban iya ba, kuma gaskiya ban yi niyyar koya ba, sai na nemo masa a waya.

Iri biyu na tarar, na kyauta da na kuɗi. Abokina da ke aiki a Safana ya ce in ɗauki na kyauta, shi ma ya sauke don ya nuna mini. Kafin a yi jifa uku talla ta katse wasan. Na kuɗin kuwa ba talla, kuma in ka yi kuskure zai tsaya ya nuna maka inda ya kamata ka sa ɗanka. Ni da son a ce na waye, na saya, har ina yi wa abokina dariyar son banza.

Abin ya yi aiki kuwa. Waya ta ce Baba ya yi kuskure, Baba ya ce ƙarya take, ya kira ni in zo in yi shaida a kan abin da ban fahimta ba. Murya ta dawo, tuwo ya fara ƙarewa a kwano.

Ana haka aka datse sabis a yankinmu saboda matsalar tsaro. Bayan 'yan kwanaki wasan ya ƙi buɗewa. Wai sai na hau intanet ya tabbatar ni ne na saya.

"Ba ka ce saye ka yi ba?" in ji Baba.

"Saye na yi, Baba."

"To wa ya kulle?"

Malamin makaranta guda, na karɓi wayar na yi ta danne-danne a banza.

Abokina ya shigo Batsari gaisuwar rasuwa, ya tura mini nasa daga waya zuwa waya, ya shiga lafiya lau. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, tunda ba sabis, tallar ma ta daina zuwa. Na kyauta ya gyaru, na kuɗi ya mutu. Ranar na sha tsiya har na gode Allah. Sai dai Baba kwana biyu ya taɓa shi ya ajiye, ya ce wannan ko ya ci ka ko ka ci shi ba ya tankawa. Shiru ya dawo zaure.

Na je wurin mai gyaran waya a bakin tasha. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiri wasan tsoron masu kwafa suke, shi ya sa suka ɗaure shi da mai saye. Na tambaye shi kwafin sata fa, shi ma yana kullewa? Ya ce ina, wannan ko a ƙasan rijiya buɗewa yake, sai dai ba shi da shi, ba wanda ya taɓa nema. Na tsaya ina jujjuya maganar: an yi kwaɗo saboda ɓarawo, ɓarawo na ciki, mai kaya na waje.

Ƙarshe na ce wa Baba aikin ofis zai kai ni Katsina, alhali sabis zan je nema. Lokacin hanyar ba ta biyuwa sai dole. Muna cikin mota kowa bakinsa na motsi da addu'a, ni kuma ina jin kunyar kada wani ya tambaye ni abin da ya fito da ni. Muna dosar gari wayoyi suka hau ƙara. Kafin in gyara zama wasan ya buɗe, da ɗan rubutu a ƙasa cewa bayan kwana talatin zai sake nema.

Na dawo ina taƙama, ashe matata ta riga ta faɗa wa Baba gaskiya. Bai karɓi wayar ba. Sai ya tambayi kwana nawa aka ba mu. Na faɗa.

"Ba ka ƙara bin hanyar nan saboda ni. Zauna. Kwana talatin sun ishe ka, in ba kan naka dutse ba ne."

Ya zana allo a bayan kwali, muka tara marafan kwalba, muka ciro ƙwaya daga lidon gidan. Kullum bayan la'asar ni da waya muke ɗalibta a gabansa, ita ta gyara ni, shi ya gyara ta. Na sha "kai dai anya" har ba adadi.

Ranar da ta sake kullewa ya ture ta gefe, muka ci gaba a kwali. Can ya matsar da wani ɗa, na ga kamar bai dace ba. Ban taɓa ce wa mahaifina ya yi kuskure ba tunda aka haife ni. Na ce, "Baba, ina ga nan ba daidai ba ne."

Ya gyara zama, ya tura hula ƙeya. Ba mu tashi ba sai da ladan ya kira magariba.

Har yau in aka tambaye ni wanne ya fi, na kyauta ko na kuɗi, sai in yi ta kame-kame, don ban gama gane abin da na saya ba. Abin da na sani, na saye shi ne don kada in zauna da tsohon nan, kuma da bai kulle ba da ban zauna ba. Baba ya rasu yana nan a kan cewa wancan ɗan daidai ya ajiye shi. Ni kuma har gobe ina ganin kuskure ne, sai dai babu wanda zan yi wa gardamar.