Kawu da Ruwa Mai Ruwan Ɗorawa

Lokacin da aka yanke mana Jihar Kebbi ina aikin jinya a wani ɗan asibiti a Jega. Da an cire albasa, manoma sukan cika mana baranda suna neman ƙarin ruwa, ba don ciwo ba, don gajiya. Kuma ba farin ba, sai wanda aka zuba wa maganin da ke mayar da shi ruwan ɗorawa. Wai shi ne mai ƙarfi.

Kawuna ya zo daga Aliero, ƙafafu sun kumbura, yana haki. Na ce, "Kawu, zuciyarka ce ta gaji, ruwan da ke jikinka ma ya fi ƙarfinta." Har na ba shi labarin abin da na karanta: inda ake buɗe ƙirji na'ura ta riƙe aikin zuciya, sai likitoci sun auna mutum kafin su zaɓi abin da za su cika bututun na'urar da shi, ruwan gishiri ko jini.

Ya ce, "To ka ji, ɗana! Su ma ruwa suka sawa."

Na hana shi ƙarin ruwan da ya zo nema. Ya wuce Maiyama, wani mai kyamis ya ɗura masa.

Aka kawo mini shi ranga-ranga. Na wuni ina masa allurar fitsari, ina cizon yatsa, har numfashinsa ya daidaita.

Da ya warware, ya bi majalisa yana yabon ruwan Maiyama. Wai aikinsa a hankali yake yi.