Waƙar Niƙan da Wuta Ta Katse

Kakata ba ta iya magana a gaban rakoda ba. A tsakar gida kuwa, in ta buɗe baki sai ka roƙe ta ta huta. Amma da an ce za a aika kaset ga dangi a Jidda ko Najeriya, sai ta gyara zama, ta ja mayafi, ta shiga jero gaisuwa: ina gaida wane, ina gaida wance, ya yara, ya zafi, har kaset ya ƙare. Na sha ajiye mata rakoda ina cewa ta ba ni labarin zuwansu Sudan. Duk abin da na samu gaisuwa ce ga mutanen da rabinsu sun daɗe da rasuwa.

Tana 'yar ƙarama suka taso daga ƙasar Hausa da mahaifiyarta, da ƙafa, da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare a yankin Jazira na Sudan, suka tsaya cirar auduga don su tara na gaba, kuma a nan uwar ta rasu ba ta ga Makka ba. Ita kakata sai da ta tsufa Allah ya nufe ta da zuwa. Tun da ta dawo ta daina waƙa, ta ce bakin da ya sha zamzam a gindin rijiyarsa ya gama da wannan. Mu jikoki da muka tashi a unguwar Kalakla da Larabci a baki, Hausarmu ta cefane ce da amsa kira. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san ran da tsohuwar nan ta tafi, da hanyar gaba ɗaya za ta tafi.

A lokacin ina aiki a wani ɗan ofis a saman bene kusa da kasuwar Suk al-Arabi, muna rubuta wa kantunan magani da ƙananan makarantu manhajar kwamfuta, abin da mu a can muke kira barnamij. Zamani ne da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Kayan aikinmu duk kwafi ne na kwafi, rabinsu babu littafin bayani, intanet kuwa sai ka danna ka je ka sha shayi ka dawo. Kullum katin hidimar ƙasa na cikin aljihuna, don ba ka san inda sojoji za su tare hafila, wato bas ɗin haya, su sauke samari ba. A haka muka koyi aikin, da tambaya da lalube.

Da ofis ya sayi sabuwar kwamfuta, aka sayar mini da tsohuwar, na kai ta gida na ɗora a kan teburin guga. Ɗan abin ɗaukar murya da ke zuwa da ita minti ɗaya yake yi ya tsaya, wanda ko gyaran muryar kakata bai isa ba. Sai na zauna na rubuta nawa: taga ɗaya, maɓalli biyu, na farawa da na tsayawa. Na gwada da muryata, na gwada da kukan akuyar maƙwabta, komai ya fito tsaf. Na ji kaina ya yi girma.

Ban ɓoye mata ba. Na ce da ita wannan akwatin yana ji, kuma yana riƙe abin da ya ji. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce talabijin ɗin da ko labarai ba ta kawowa, ta ji ta ƙoshi. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, na wasu suna kawo nama, nata ya kawo akwati mai gurnani. Na ce ai tsohuwar mata ba ta cin nama, haƙoran ina? Haka muke da ita tun ina yaro.

Wata Juma'a bayan la'asar, na jawo teburin bakin ƙofa, na miƙo wayar makirufo zuwa gindin gadon igiyar da take zaune a rumfa, na danna farawa. Mahaifiyata tana soya 'ya'yan gahawa tana mitar mai injin niƙa, wai ya ƙona mata gero. Kakata ta ce da ma inji ya san gero? Ta shiga faɗin yadda uwarta take niƙa a dutse a duk zangon da suka sauka, da yadda take roƙon aron dutse a gidajen da ba ta jin yarensu. Can na ga hannayenta sun hau gwiwa suna kai da komo kamar mai niƙa. Sai murya ta fito, siririya, tana rawa kaɗan:

"Niƙa ki tara, 'yar tafiya, gari na gaba ba dutse."

Mahaifiyata ta sauke kaskon a hankali. Ita kanta ba ta taɓa jin wannan ba. Waƙar ta yi ta tafiya, da sunayen rijiyoyi da garuruwa, da wani kogi da aka haye a kan ƙwarya, da jakin da ya mutu a hanya. Ni ko motsi na kasa, abin nema ya samu. Ina ta satar kallon fuskar kwamfuta ina ganin lambobi suna hawa, zuciyata fari fat. Ana cikin haka fanka ta yi wani ɗan kuka ta fara lafawa, fuskar kwamfuta ta yi baƙi. An ɗauke wuta, kamar yadda aka saba, ba sallama.

Kakata ta tsaya, ta dubi hannayenta kamar na wani, ta yi istigfari. Na durƙusa na ce ta taimake ni ta maimaita, ga rakoda mai batir. Ta ce Shaiɗan ne ya ja bakinta sau ɗaya, ba kuwa zai samu na biyu ba, kada in sake tayar mata da zancen. Na san ta sarai. In ta ce a'a da wannan muryar, ko liman ba ya juya ta.

Sai washegari da sassafe wuta ta dawo. Na kunna, shuɗin allon nan da ke fitowa bayan an ɗauke wuta ya fito, yana cewa ya tsinci wasu guntaye marasa suna a faifan ajiyar kwamfutar, a ajiye ko a zubar? A ofis kullum zubarwa muke yi, ko karantawa ba ma yi. Yatsana har ya kai, sai na fasa, na ce a ajiye. Da kwamfuta ta gama tashi na ruga wurin fayil ɗina. Sunan yana nan, amma nauyinsa sifili. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, amma kaɗan ya rage, kuma haushin kaina ya fi na masu wuta yawa.

Na kwance faifan daga cikin akwatin, na naɗe shi a tawul, na rungume shi a hafila har Suk al-Arabi kamar mai kai jariri asibiti. A ofis akwai wata abokiyar aiki 'yar Omdurman, ta girme ni a shekaru da aiki, ba ta da yawan magana. Ta saurare ni har na gama kumfar baki a kan wuta da gwamnati da ƙasar gaba ɗaya, sannan ta tambaye ni abu ɗaya: guntayen nan, na zubar ko na ajiye? Da na ce na ajiye, ta ce to, ya zol, wato bawan Allah, me kake wa makoki? Ta yi mini bayanin cewa kwamfuta ba ta rubuta nauyin fayil sai an rufe shi. Nawa ba a rufe ba, don haka sunan ya zauna fanko, kayan kuma suka zama marasa mai shi. In Allah ya so suna cikin guntayen.

Muka haɗa faifan da kwamfutarta. Ga guntu ɗaya nan ƙato, nauyinsa ya yi daidai da doguwar magana. Na sauya masa suna na danna, abin kunna sauti ya ce bai san wannan ba. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kowane fayil na sauti yana da ɗan kai a farkonsa, inda ake faɗin tsawonsa da irin saurin da aka ɗauke shi. Ni kuma da wayona na tsara manhajar ta bar wurin fanko, sai an danna tsayawa ta dawo ta cike shi. Da muryata da ta akuya ban taɓa ganin aibin haka ba, tunda kullum ni nake tsayarwa da hannuna.

Ba mu da littafin da zai faɗa mana tsarin kan. Sai na buɗe wani fayil mai lafiya da abin da ke nuna cikin fayil lamba-lamba, na buɗe nawa a gefensa, na yi ta kwatantawa har na gane wane gurbi ne na tsawo, wane ne na sauri. Na rubuta wata 'yar manhaja ta yanke fankon, ta ɗora sabon kai. Aka kunna. Abin da ya fito daga sifika shuuu ne kawai, kamar an zuba albasa a tafasasshen mai, ba murya ba alamarta. A nan na sare. Na ce da ita shi ke nan, wutar ta dagula komai, na miƙe zan fita shan shayi.

Ta ce in zauna. Ta sa aka sake kunnawa, ta karkata kai tana saurare, ta ce wannan hayaniyar tana hawa tana sauka, kuma abin da ya lalace ba ya numfashi. Ta tambaye ni lamba nawa-nawa ake haɗawa su ba da ɗigon sauti ɗaya. Na ce bibbiyu. Tun kafin in rufe baki na gano. Wajen yanke fankon na zarce da ƙwaya ɗaya, sai kowace lamba ta rabu da abokiyarta ta kama ta maƙwabciya, tun daga farko har ƙarshe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na gyara lamba ɗaya a manhajar, na sake ɗorawa.

Ƙarar kasko ce ta fara fitowa, sai mitar mahaifiyata a kan mai inji, sai tsohuwa tana tambayar ko inji ya san gero. Abokiyar aikina ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma da aka kai waƙar ta bar abin da take yi ta saurara har inda ta katse. Sannan ta ce in je in gyara manhajata, in riƙa rubutu kamar wuta za ta tafi yanzu, domin za ta tafi. Ranar ban tashi ba sai da na sa manhajar ta riƙa cike kan fayil tana rufewa a kai a kai, yadda ko an ɗauke wuta abin da za a rasa bai wuce numfashi ɗaya ba. Daga baya duk manhajojin kantunan magani sai da na bi su na yi musu haka, kiran da ake mana bayan ɗaukewar wuta ya ragu sosai.

Na koma gida da kwafi uku a wurare uku, amma da fargaba. Waƙar tata ce, kuma ta ce kada in sake tayar da zancen. Na yi kwanaki ina juya abin, har na ga ɓoyewar ta fi tayarwar muni. Wata yamma da akwai wuta, daga ni sai ita sai mahaifiyata, na gaya mata akwatin nan ya riƙe abin da ya ji ran Juma'a. In ta ce a goge, a gabanta zan goge, duka ukun. Da gaske nake. Ta ce ƙarya nake, in kunna ta ji.

Da aka zo wurin gero ta yi dariya, ta ce wace tsohuwa ce wannan mai surutu. Da waƙar ta fara, dariyar ta tsaya. Ta matso bakin gado, ta kafa wa sifikar ido, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Can ta kama hannun mahaifiyata.

"Wannan ba ni ba ce," in ji ta. "Inna ce. Haka take jan numfashi kafin sunan gari."

Hawaye suka bi kuncinta, ba ta share ba. Ni ma nawa suka zo, na bar su. Muka bi waƙar rijiya bayan rijiya, aka haye kogi, jaki ya mutu, sai ɗif, a tsakiyar kalma. Ta juyo ta tambaye ni me ya sa ta tsaya. Na ce a nan aka ɗauke wuta. Ina jiran ta ce a goge.

"Ko garin Fashir ba a kai ba," ta ce. "Ba a barin mutum a tsakiyar hanya. Kunna abin naka."

Na danna farawa, ta ɗora daga kalmar da aka katse.