Yadda Na Bar Karofi Na Kama Allura

An haife ni a Tudun Wada tun unguwar ba ta wuce 'yan gidajen zana da katangar ƙasa ba, shekaru kaɗan bayan Turawa sun shimfiɗo layin dogo ta Zariya. Mahaifina marini ne. Daga ƙasar Kano ya taso da iyalinsa da ya ji baƙi na samun fili a bayan ganuwa, ya haƙa karofinsa a gefen unguwa ta wajen Gyallesu. Ni ne babban ɗansa namiji, don haka ba wanda ya taɓa tambayar sana'ar da zan yi. Tun ban kai tsayin muciya ba hannuwana suka yi shuɗi.

A bakin karofin nan farfaɗiya ta fara kayar da ni, ina gab da balaga. Abin da nake iya tunawa, da hantsi ne, ina juya ruwan shuni, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki zuwa maƙogwaro, hancina ya cika da wari kamar an ƙona gashi. Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Wai na sandare na faɗi, kaina ya leƙa ramin, Baba ya cafko ƙafata ya janye ni. Ina ta jijjiga, kumfa na fita daga bakina. Marina da masu kawo rini duk suka ja da baya, domin a zamanin kowa ya yarda cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya kamu. Baba kaɗai ya durƙusa ya share mini baki da hannunsa.

Na farfaɗo a zaure, na tauna harshena, jikina kamar an yi mini duka. Ba a yi wata ba abin ya sake dawowa.

An yi mini duk abin da aka sani. Na sha rubutu, an turara ni, wata tsohuwa daga Hanwa ta kawo sassaƙe mai ɗaci. Wasu suka ce iska ce ta shafe ni. Wata maƙwabciya ta ba Inna shawara a ware mini ƙwarya da moɗa. Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya ce, "Da hannuna na share yawunsa, ga ni garau. Akushi ɗaya zai ci da 'yan'uwansa." Haka kuwa aka yi. Amma ya yanke wani hukuncin da ya fi mini zafi: ni da karofi har abada, haka rijiya, murhu, rafi da hawan bishiya.

Na yi kwanaki ina zaune a ƙofar gida ina kallon ƙannena suna wucewa wurin aiki. Ana nan sai Kawu, ƙanen Inna, ya zo gaisuwa daga cikin birni. Shi maɗinkin manyan riguna ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Yaya, a ba ni shi. Mu a zaune muke aiki kan tabarma. In ya faɗi, daga zaune zai faɗi."

Daga baya Kawu ya dawo Tudun Wada da zama, muka kafa rumfa kusa da kasuwa. A wurinsa na koyi zanen adon gaban riga irin su aska biyu da aska takwas, na koyi jan zaren tsamiya ba tare da ya tsinke ba. A wurinsa kuma na koyi ciwona. Duk ranar da na faɗi, sai ya bari na huta, sannan ya tambaye ni, "Jiya ka yi barci sosai? Ka karya da safe? Jikinka ya yi zafi?" Da sannu muka gane abin ya fi zuwa in barci ya yi mini ƙaranci, ko na daɗe da yunwa, ko zazzaɓi ya kama ni. Sai na daina zaman hira bayan lisha, kuma ba na fita gida ban sa wani abu a ciki ba.

Warin nan na ƙonannen gashi shi ne ya zama mai yi mini sallama. Da na ji shi sai in soke allura a jikin riga, in ture ta gefe, in kwanta a kan haƙarƙarina. Kawu ya bi masu rumfunan da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu abin yi. Kada a danne ni, kada a cusa mini ludayi ko tsumma a baki, kada a ɗura mini ruwa. A kawar da abin da zai ji mini ciwo, a sa tsumma ƙarƙashin kaina, a juya ni gefe yawu ya zube, a jira. Da fari tsoro suke ji. Da suka ga abin yana zuwa ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma in tashi in ci gaba da ɗinkina bayan azahar, sai ya zama mai sayar da goro ma yakan miƙo rawaninsa a yi mini matashi.

Na zama saurayi sosai kafin aka buɗe ɗakin magani kusa da mu. Wani likita Bature ya duba ni, tafinta ya ce mini ya ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kuma ba a ɗaukarsa. Aka ba ni wani ruwa a kwalba mai gishiri-gishiri, aka gargaɗe ni kada in yanke shansa farat ɗaya ko da na ji sauƙi. Ya sa ni gyangyaɗi, ya feso mini ƙuraje a fuska, amma faɗuwar ta ragu ƙwarai. Da azumi ya matso na je na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce, "Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ranar da ka ga zai cuce ka, ka sha, ka rama in ka samu iko." Na riƙe wannan ban ji kunyar kowa ba.

Da na tashi neman aure, wata yarinya na gani, 'yar wani mai fataucin gishiri. Abokan Baba suka ce a yi shiru da maganar ciwon, tunda mutanen sababbin zuwa ne. Na ce ban yarda ba. A zancenmu na farko na gaya mata komai. Ta ɗan yi wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce, "In ya zo, me zan yi?" Na koya mata kamar yadda Kawu ya koya wa 'yan kasuwa.

Mahaifinta bai amsa da wuri ba. Ya zo rumfarmu ya zauna tun hantsi har la'asar yana kallon aikina, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi liman. Da zai tashi ya ce wa Kawu, "Malam, yaron da ya faɗi aibinsa da bakinsa ba zai ɓoye wa 'yata wani abu ba. Ku turo manya."

Ba mu daɗe da tarewa ba abin ya same ni a tsakar gida, ina shirin cin abincin rana. Na ce mata, "Ga shi nan," na kwanta. Da na buɗe ido na tarar ta janye akushin, ta naɗe zanenta ɗaya a ƙarƙashin kaina, tana zaune kusa tana yi mini fifita. Ba ta kira kowa ba. Ta bari na gane inda nake, ta ba ni ruwa na kurkure baki, sannan ta ce, "Malam, tuwonka ya huce. In ɗumama, ko sai ka ɗan yi barci?"

Na ce ta ɗumama.