Jar Mota a Hanyar Gona

Shekarun baya, lokacin da mutanen Khartum masu gudun yaƙi suka cika Gadarif, wani abokina ya iso da mahaifiyarsa cikin jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Cikin dukiyarsa, motar kaɗai ya samu fitowa da ita. Hanya ta wahalar da ita, da an ɗan taka sai injin ya ɗau zafi.

Ni bakaniken tarakta ne, amma ni ya kawo wa. Abokan sana'a suka ce hannuna zai ƙarasa ta. A raina na yarda da su, a baki na ce masa, "Tamam, aiki ne ƙarami." Kwana tara na yi a kanta, uku daga ciki kallo kawai nake.

Bayan yankan riɗi muka samu miƙaƙƙiyar hanyar gona ta wajen Hawata don gwada motar, muka auna taku ɗari huɗu, muka kafa sanda. Leburori suka bar buhuna suka jeru. Na zauna gefen abokina, idona kan allurar zafi.

Ya taka. Bayana ya manne da kujera, salatin da na fara ban kai ƙarshensa ba muka wuce sandar. Muka dawo, muka sake. Sau bakwai a tsakar rana, allura ba ta gota ba.

Mahaifiyarsa na zaune ƙarƙashin bishiya. Tun zuwansu ba ta cika magana ba. Ta taso ta ƙwanƙwasa gilashina.

"Ya waladi, ɗana, sauka ka ba ni wuri."

"Hajiya, gudun fa da yawa."

"Na ga yadda ka rufe ido. Sauka."

Ta tattare mayafinta ta shiga. Da suka dawo tana ta dariya, hawaye na zuba, ta ce wa ɗanta, "Shi ke nan gudun? Ƙara ɗaya." Abokina ya kifa kai a sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

Na gyara injuna da yawa bayan nan, na manta yawancinsu. Amma har yau in ta gan ni a kasuwar dawa, sai ta nuna ni ga ƙawayenta ta ce, "Ga gwanin da ke tsoron aikin hannunsa." Ban taɓa musu ba.