Shekarar da Larabci ya bar gidanmu

Ko a wane gari na ji ƙanshin burodi mai zafi, sai in ga Kawuna ya shigo da tamis, burodin can, a leda, a unguwarmu ta Manfuha, yana tsokanata: "Balaraben gida, zo ka ci na kakanninka."

Ai da gaskiyarsa. A Riyad aka haife mu, Hausarmu kuwa duk ta karye. Shi direba ne, ƙanen Innarmu, ba ya shiga ɗaki a fasa dariya.

Wata safiya da zafi ya fita sayen tamis, ya bar iƙamarsa, takardar izinin zama, a aljihun wata riga. Ana kame. Motar shurɗa, 'yan sandan can, ta wuce kowa a layin gidan burodi, ta tsaya kan baƙin mutum. Sai da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya je aka sako shi, leɓe a kumbure, haƙori ɗaya babu.

Jiki ya warke. Amma fa Kawu bai dawo ba. Ya ajiye tuƙi, yana kwana da takalmi a ƙafa. Rannan ƙanwata ta kira ni daga tsakar gida, "Ta'al!", wato zo. Sai ga Kawu, ƙaton mutum, ya durƙusa, hannu biyu a ka, yana cewa, "Wallahi ina da ita, tana gida."

Inna ta tara mu. "Daga yau Larabci a bakin ƙofa yake tsayawa, tare da takalma. Sai na salla."

To, ka ga 'yan makarantar Larabawa ana fama da "ɗ" da "ƙ". Da gangan nake ƙara kwaɓawa, in ce "Kawu, karya nake," ko zai gyara mini, ko zai yi dariya. Wani lokaci yakan gyara, a hankali. Dariyar ce ba mu samu ba.

Aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi rubutu. Da sanyi ya shigo aka mayar da shi gida Najeriya. Can ya rasu, a ɗakin da ba ya yarda a rufe.

Yanzu ciwon nan yana da suna, har da likitocinsa. Ni kuwa duk inda na sauka sai an ce, "Haihuwar Saudiyya da Hausa haka? Wa ya koya maka?"

Nakan ce Kawuna ne. Sai in canja magana.