Rakiyar Malam Illiassou har Marseille

Malam Illiassou mutumin Tasawa ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa ma'aikatan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, da yamma ya koma gidansa a Bobigny. Ba shi da yawan magana, amma in aka taɓo zancen hanya sai ya gyara zama. A irin wannan zaman ya ba ni labarin nan.

Da ya ajiye aiki a ƙarshen 1995, abokan aikinsa suka yi masa kyautar tikiti biyu na jirgin ruwan shaƙatawa, mako guda a teku, shi da matarsa Hajiya Zouera. Hajiya ba ta taɓa tafiya don hutu ba, duk tafiyarta ta biki ce ko ta gaisuwar rasuwa. Jirgin zai tashi daga Marseille ranar Asabar, ana rufe ƙofar shiga ƙarfe huɗu na yamma, kuma ba ya jiran kowa.

Da jirgin ƙasa ya yi niyyar tafiya, sai yajin aiki ya tsayar da jiragen. Bai damu ba. Ya shimfiɗa taswira a tebur, ya tsara komai da fensir. Ranar Juma'a bayan asuba za su fita da tsohuwar motarsa kafin hanya ta cushe, su kwana a Villeurbanne, kusa da Lyon, gidan 'yarsu Shamsiya da mijinta Abdourahamane. Asabar ƙarfe tara su kama hanya. Ya ware lokacin salla, da na shan mai, da na neman ƙofar tashar jirgin.

Har Lyon komai ya tafi daidai. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Shamsiya ta shaida wa jama'a iyayenta na tafe.

Ranar Asabar tun takwas na safe ake sallama. 'Yan Damagaram, 'yan Tawa, ɗalibai, matan aure da kulolin abinci. Kowa sai ya tambayi gajiya da sanyi da mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi addu'a. Tara ta wuce, goma ta wuce. Sau uku Hajiya na kaiwa bakin ƙofa ana dawo da ita. Shi kuwa ba ya iya korar baƙi a gidan surukinsa.

"Malam, zauna mana ka sha shayi," in ji Hassoumi, wani tsohon abokinsa ɗan Maraɗi. "Duk kallon agogon nan, ko tsoron ruwa ne ya fara kama ka?"

"Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba?" in ji Malam.

Aka yi dariya, aka sake ɗora ruwan shayi. Sha biyu saura kwata ya duba fuskar Hajiya, ya ga tana murmushi amma ta ƙanƙame jakarta. Sai ya miƙe da makulli a hannu.

"Jama'a, ban hana kowa bankwana ba. Wanda bai gama ba, ya shiga mota ya ƙarasa a hanya."

 Hassoumi ya ajiye kofinsa. "Wallahi tsohon nan da gaske yake. Abdourahamane, ina makullinka?"

Mota uku suka fita, Malam a gaba. Mata biyu suka sa Hajiya a tsakiya a kujerar baya, suna ta ba ta saƙonni da gargaɗin kada ta leƙa ruwa. Sau ɗaya aka tsaya, aka sha mai, aka yi azahar, ya ƙi yarda a buɗe kula. A Marseille ƙofofin tashar suka yi masa yawa. Ya sauke gilashi ya tambayi wani direban tasi, mutumin ya ce ya biyo shi.

Uku da minti ashirin suka miƙa kaya da fasfo. Malam ya danƙa wa Hassoumi makullin motar ya ce ya mayar da ita Lyon, kada kuma ya wuce gudu ɗari da goma.

Hajiya ta riga shi hawa. Da ya iske ta a sama, ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, iska na kaɗa mayafinta, mutanen Lyon can ƙasa suna ɗaga hannu. Jirgin ya yi ƙara mai girgiza ƙirji. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ka kawo ni."