Tarkunan Kawu Delmar da Yashin Elwha

Kawu Delmar, ƙanen mahaifiyata, mutum ne da ba ya yarda da zancen baki. Shekara arba'in ya yi yana kamun kaguwa a inda kogin Elwha ke shiga teku. Ranar da aka fara rushe madatsar ruwan da ta tare kogin, mutanenmu na ƙabilar Klallam suka fita da ganguna don murna. Shi kuwa yana zaune yana gyaran igiya.

"Lakar da ta taru a bayan madatsar shekara ɗari, ina za ta?" ya tambaye ni. "Sun gaya miki?"

Da ruwan sama ya sauko, kogin ya koma kamar kunu. Laka mai laushi ta bi igiyar ruwa ta yi gabas, yashi kuma ya zauna a bakin kogi. A watan ne tarkunan kaguwa na Kawu guda shida suka ɓace. Nan take ya ɗora zargi kan Orvel, maƙwabcinsa, wanda suka taso tare.

"Kai Orvel, bana kaguwa ta san gidanka, ko?"

"Je ka bincika jirgina mana, tsoho. Baƙin ciki ne zai kashe ka."

Wata mai auna zurfin ruwa ta nuna masa taswira, ta ce yashi ya rufe wurin da ya dasa tarkunan. Kawu ya taɓe baki. "Takarda ce. Nawa Orvel ya ba ki?"

Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Gaɓar teku ta yi ta ƙara faɗi, har inda jirage ke bi a da ya zama tudun da ake takawa da ƙafa. Wata safiya bayan guguwa na ga bakin wani tarkon ƙarfe ya leƙo daga cikin yashi. Kwana uku Kawu yana haƙa da shebur.

Orvel ya zo ya tsaya a kansa. "To, ka kama ɓarawon naka?"

Kawu ya ƙirga tarkunan da ya tono har sau biyu. "Biyar ne. Shida na dasa."

Amma da yamma ya aike ni gidan Orvel da busasshen kifi. "Ki tsaya ki gani ko zai fara ba karensa don gudun guba. Da ni ne, haka zan yi."

Orvel ya cinye shi a tsaye a bakin ƙofa. Suka koma fita kamu a jirgi ɗaya har gwiwoyin Kawu suka gaza. Duk tsawon shekarun nan, bai taɓa barin Orvel ya riƙe makullin rumfar ajiyar tarkunansa ba.